Kifin da Ya Tsallaka Katanga

Abin ya fara ne a makon da tafkin kusa ya daskare, a hunturun da ya wuce. Ina tsakar gida ina kakkaɓe dusar ƙanƙara daga kan itacen girki, sai na ji ana kirana ta kan katanga da murya ƙasa-ƙasa.

"Malama Tazagul. Malama, zo ki karɓa."

Sarbinaz ce, matar Polat, surukar maƙwabcina Baba Orazbay. Ta ɗora kwano a kan katangar, rufe da tsumma, ta kawar da fuskarta gefe. Da na ɗaga tsumman sai na ga kifin sazan manya, an kankare su an wanke tas, naman yana ƙyalli.

"Duk wannan nawa ne? Ku me za ku ci?"

"Ya yi mana yawa. Mu biyu ne a gidan, ina za mu kai shi?"

Na yi godiya, na juye kifin, na mayar da kwanon da busasshen kankana a ciki, domin ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. A ranar na soya kifin na ci, na yi wa wanda ya kamo shi addu'a, ban kuma kawo komai a raina ba. Bayan kwana biyu kwanon ya sake hawa katanga. Daga nan ya zama al'ada.

Tun da aka kawo ni Moynak, garin masunta da teku ya janye ya bari, ina amarya nake zaune jikin wannan katanga. A makarantar garin na yi aikina har na ajiye, Polat ma ya zauna a ajina, yaro mai natsuwa da mummunan rubutu. Mahaifiyarsa ta rasu bai daɗe da aure ba, shi kuma aiki ya ɗauke shi zuwa rijiyoyin mai na Kazakistan, sai a ga fuskarsa da rani ko da Sallah. Haka gidan ya rage wa mutum biyu waɗanda kunya ta hana su magana da juna. Sarbinaz ba ta faɗin sunan surukinta, ba ta zama a shimfiɗar abincinsa, in ta kai masa shayi sai ta rusuna ta fita da baya. Shi kuma ba ya ɗaga ido ya dube ta. In yana da magana, buta yake gaya wa.

"Butar nan ta huce," sai ya ce. Ko kuwa, "Buta, yau akwai iska, kada a shanya kaya a waje."

Ita kuma sai ta ji daga bayan ƙofa, ta aikata.

Ciwonta na san shi, domin ni na tsaya mata a matsayin uwar miji na raka ta asibitin birnin Nukus lokacin da ya kayar da ita. Duk wata sai ta kwanta tana murƙususu, ta cije matashi don kada tsohon ya ji. Likitoci suka ce irin tsokar da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ce take tsirowa a wajenta, suka kira shi endometriosis, suka ce shi ne yake tare mata haihuwa. Aka yi mata aiki, aka ba ta magani, aka kuma ce ta gwada rage jan nama da madara da alkama da soye-soye, ta ga ko jikinta zai yi sauƙi. An ce ta rage, ita kuwa ta yanke gaba ɗaya. Ta koma curin dawa da kabewa da wake da shinkafa, da ɗan ganyen da take nomawa a bayan ɗaki da ruwan da take saye. A garin da in baƙo ya ƙi nama ake tambayarsa wa ya ɓata masa rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mata suka sa ta a baki.

"Amaryar gidan Orazbay ta zama akuya, ganye take ci."

"Ku bar ta, gobe sai mu ji tana kuka me-e-e."

Ta jure. Ciwon kuwa ya lafa, har Allah ya ba ta ciki. Tana cikin watannin farko aka yi biki a danginsu, wata dattijuwa ta yanko nama da hannunta ta danƙa mata a gaban jama'a, irin kyautar da ba a mayarwa. Ta ci. Makon bai ƙare ba cikin ya zube. Likita ta gaya mata a gabana cewa babu abin da ya haɗa wannan da wancan, ɓari yana zuwa wa mai cin nama da wadda ba ta ci. Sarbinaz ta ce to. Amma na ga idonta, na san maganar ba ta shiga ba.

Da ta gane ta sake samun ciki, bayan Polat ya koma aiki a ƙarshen rani, ba wanda ya gaya wa Baba Orazbay. Wa zai gaya masa? Amma tsohon da ya ga haihuwar 'ya'ya da ta dabbobi ba ya bukatar sanarwa. Wata rana da hantsi, lokacin da ganye ya fara zuba, ya tsaya a ƙofar gidana yana murza hularsa.

"Malama, ke kika yi karatu. Ina da tambaya, amma ba tawa ba ce, ta wani ce."

"Allah ya sa na sani, Baba."

"Mutum ne ba ya cin nama. Ba ya shan madara. Gurasa ma sai dai ya kalla. To sai aka ɗora masa kaya, kayan da ba a saukewa sai lokacinsa ya yi. Da me zai ɗauka?"

Na dubi ƙasa, shi ma ya dubi ƙasa. Na ce na ji likita tana yaba kifi ga irin wannan mutumin.

Sai ya ɗago. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kifi?" ya ce. "Kifi kika ce? Malama, tun da teku ya kwashe kayansa ya bar mu da jirage a kan yashi, ba wanda ya sake tambayata kifi."

A ranar ya fito da tarunsa daga rumbu ya baza a rana yana ɗinke ramukan da ɓera ya yi. Ya tayar da tsohon babur ɗinsa mai akwati a gefe, wanda kaji suka daɗe suna ƙwai a cikinsa. Mutumin da ƙurar gishiri ta cinye wa huhu, wanda ba ya kai masallaci sai ya tsaya ya huta a hanya, shi ne ya koma fita da sassafe zuwa tafkin kusa. Da ruwan ya daskare sai ya riƙa fasa ƙanƙara da gatari yana zura ƙugiya. In ya dawo nakan ji shi yana yi wa buta rahoto da ƙarfi.

"Buta, yau sazan ya zo gaisuwa da kansa. A ci da kyau, gobe ma akwai."

Ni kuwa kwano yana ta hawa katangata.

A tsakiyar hunturu na raka Sarbinaz awon ciki. Likitar mace ce mai saurin magana, 'yar wajen Kungrad. Ta ja fatar idon Sarbinaz ƙasa ta duba, ta juya tafin hannunta, ta karanta sakamakon jini, sannan ta cire tabarau.

"Ƙanwata, me kike ci?"

"Dawa. Kabewa. Wake in ya zauna."

"Ƙwayoyin ƙarin jinin da na ba ki fa?"

"Ina sha. Wani lokaci su dawo."

"Dubi idonki, fari kamar takarda. Wancan tsarin abincin na lokacin da kike neman sauƙin ciwo ne. Yanzu ciwon ya yi barci, yakan yi haka da ciki. Wanda yake farke shi ne wannan," ta nuna cikin, "kuma daga jininki yake ɗiba, bai san wani tsari ba. Ranar haihuwa da me za ki biya? Ki ci nama, ko kaɗan-kaɗan. Ki ci ƙwai. Ki daina kora abinci da shayi, yana hana jini kamawa. Kifi fa, kina samu?"

"Ina ci," in ji Sarbinaz.

Ba ta dube ni ba da ta faɗa. A nan ne kwanon katanga ya faɗo mini a rai, na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni da hannu a tukunyar wani.

Muka fito muka kama hanyar gida. Iska tana kwaso gishiri tana watsa mana a fuska. Na riƙe hannunta don santsi.

"Kifin da nake ci shi ne kike gaya wa likita kina ci?"

Muna wuce shagon burodi ta ce:

"Malama, ba na iyawa. Ƙarninsa kaɗai in ya buge ni sai hanjina ya juya. Da ɗankwali nake toshe hanci in gyara, in soya masa nasa, in fita baya in yi amai. Shi kaɗai yake cin abinci, bai san abin da ke kwanona ba."

"To ki ci nama, kin ji abin da aka ce."

"A'a."

"Sarbinaz."

"Na ci sau ɗaya, Malama. Kin ga abin da na gani. Ke kika wanke ni."

Na ce to, aƙalla a gaya wa tsohon ya daina fita cikin wannan sanyi a banza.

"Da wane bakin? In ce masa me? In ce Baba, cikin da ɗanka ya yi mini ba ya son kifinka?" Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Kuma kin ji shi kuwa in ya dawo? Waƙa yake yi. Tun da Inna ta rasu ban ji ya yi waƙa ba. Ni zan ƙwace masa?"

"In ba za ki iya ba, ni zan faɗa. Na tsufa, kunyata ta ragu."

Ta roƙe ni in bari zuwa Juma'a, ko laulayin zai sassauta ta gwada ko loma ɗaya. Na ce ba zan kai Juma'a ba, gobe zan same shi. Washegari ina idar da sallar asuba na yafa mayafi na zaga. Na tarar da sawun babur a kan dusar ƙanƙara, ya riga ya fita. Sarbinaz ta ce yau ya ɗauki gurasa da yawa da jarkar mai, ya kuma gaya wa buta kada a jira shi da azahar.

Bayan la'asar aka kawo shi. Jumash, abokin kamun kifinsa tun zamanin jirage, shi ya tuƙo babur ɗin, Baba Orazbay yana cikin akwatin gefe an naɗe shi da bargo da buhuna. Wandonsa ya daskare ya yi tauri kamar katako.

"Tafkin nesa ya ja ni," in ji Jumash, yana haki. "Na ce masa ƙanƙarar can ba ta da amana, ruwa yana gudu a ƙarƙashinta. Ya ce in rufe masa baki. Ta fashe da shi har ƙugu. Tsohon banza, da ƙyar na fizgo shi, kuma wai buhunsa yake cewa in fara cirowa!"

"Ai ka ciro," in ji Baba Orazbay daga cikin bargo, haƙoransa suna haɗuwa. "Da ka bar shi da na koma."

A cikin buhun akwai kifin sudak dogaye, farare, irin waɗanda na daɗe ban gani ba.

Zazzaɓi ya rufe shi kafin gari ya waye. Aka kai shi asibitin gari, ya yi kwanaki ana yi masa allura ana sa masa iska. Likitoci suka ce sanyi ya shiga huhun da dama ba shi da sauran ƙarfi. Da ya ga yadda suke magana a bakin ƙofa, sai ya ce a mayar da shi ɗakinsa, ba zai mutu yana kallon silin ɗin gwamnati ba. Aka buga wa Polat waya, ya ce ya kamo hanya, amma dusar ƙanƙara ta toshe titin hamada, motoci suna tsaye a kan iyaka.

Muka shimfiɗa masa kusa da murhu. Kullum da hantsi nakan shiga in zauna daga gefen ƙafafunsa in karanta masa abin da ya sawwaƙa. Sarbinaz tana kai da kawo, ta kawo ruwan zafi, ta canza tawul, ta koma bayan ƙofa ta tsaya inda ta saba. Ƙafafunta sun fara kumbura, in ta miƙe da sauri sai ta dafa bango.

Ranar da zan ba da labarinta, na rufe Alƙur'ani ke nan sai ya buɗe ido. Zazzaɓin ya ɗan sauka, muryarsa ta fito sarai.

"Malama."

"Na'am, Baba."

"Sazan ɗin nan, ya yi miki daɗi?"

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Kada ki ji komai, halal ɗinki ne. Hancin masunci ne da ni. Ina zaune a nan ina jin kifina yana soyuwa a gidan maƙwabta, da albasa da yawa, yadda kike yi. A gidan nan kuwa kasko sau ɗaya yake kuka, nawa kaɗai." Ya numfasa. "Sai na ce laifin sazan ne. Kifin taɓo ne, a laka yake kiwo, ko mai lafiya wani lokaci yana jin ƙarninsa. Na ce bari in je in samo sudak. Shi a ruwa mai gudu yake, namansa fari, ba ƙarni, ba ƙaya. Marigayiya da tana da cikin Polat shi kaɗai take iya ci." Ya juyo da ido wajena. "An soya?"

Na ga ba daidai ba ne a bar mutum ya tafi da ƙarya a kunnensa, ko da mai daɗi ce.

"An soya, Baba. Bai zauna ba. Ba laifin sazan ba ne, ba na sudak ba. Kowane kifi ne, jikin ba ya karɓa. Likita ta ce jini ya yi ƙasa ƙwarai, nama ake bukata. Mai kayan kuma tana tsoron nama, saboda abin da ya faru wancan karon."

Ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki. Itace ya fashe a murhu.

"To me ya hana a gaya mini?"

"Kai wa ka tambaya?"

"Buta," ya ce.

Dariya ta kama shi, ta juye ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Sarbinaz ta shigo da gudu ta tallafo kansa ta ba shi ruwa, karo na farko da na ga hannunta a jikinsa. Da ya lafa sai ta janye, ta koma mazauninta a bayan ƙofa. Ya bi inuwarta da kallo.

"Malama, ki gaya wa 'yar mutanen da ke bayan ƙofar nan magana."

"Tana ji, Baba."

"Ke dai ki gaya mata. Jan bijimin da ke garke, na san shi za a kayar ranar da aka fitar da ni. Ki ce mata naman kasuwa ana iya ƙin sa. Naman biki ma, in mutum ya iya da bakin mata, ya ƙi. Amma naman sadakar mamaci, duk wanda ya ci lada yake aika masa. Wanda ya ƙi kuwa ya tare masa hanya. Ni ba ni da wani aikin kirki mai yawa, rabin rayuwata a kan ruwa na yi ta, salla a kan lokaci sai an dace. Ina bukatar kowace loma. Ba ta ci kifina ba, to ta ci sadakata."

Na yi karatun addini gwargwado, ban kuma taɓa cin karo da wannan hukunci a littafi ba. Na san shi ma ya san haka. Ban gyara masa ba.

Na juya wajen ƙofa, kamar yadda ya nema, na maimaita maganar tun daga farko har ƙarshe. Ina gamawa sai muryarta ta fito.

"Malama, ki gaya wa Baba ina jin tsoro."

Na buɗe baki zan isar, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya juya kansa a kan matashi har fuskarsa ta kalli ƙofar sosai.

"'Yata," ya ce, "ni ma tsoro nake ji. Amma ga shi zan tafi."

Na ji ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa.

Polat ya iso washegari da rana, da laka har gwiwa. Mahaifinsa ya gane shi, ya ce masa ya yi ƙiba, ya tambaye shi ko a can ma ana sayar da mai da tsada ga masu haƙo shi. Daga nan bai ƙara doguwar magana ba. Ya cika washegari da safe, rana ta ɗan ɗaga, Polat yana riƙe da hannunsa, Jumash yana laƙƙana masa kalmar shahada yana kuka kamar yaro. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da ya sha wahala a kansa ya zame masa shaida.

Gidan mamaci ba a hura wutar girki, saboda haka a tsakar gidana aka kafa tukwane. Maza suka kayar da jan bijimin a bayan garke, suka shigo da naman a manyan kwanoni yana tururi cikin sanyi. Jama'a suka zo daga Kungrad da ƙauyukan bakin tafki, tsofaffin masunta da sandunansu, waɗansu ban san suna raye ba. Aka kai Baba Orazbay makwancinsa, aka dawo, aka zauna.

Duk wannan yini Sarbinaz tana tsaye. Surukar gida ita ce mai shayin makoki, ta cika buta, ta rusuna, ta miƙa, ta karɓi kofi, ta sake rusunawa. Na ga leɓunanta sun yi fari. Ƙanwar marigayin, wadda ta zo daga ƙauye, ta bi ta da ido ta ce da ta kusa da ita, ba tare da ta rage murya ba:

"Wai ita ce mai cin ganyen? Saboda cikinta yayana ya shiga ruwa?"

"Yi shiru, Hajiya, tana ji."

"To ta ji mana. Ƙarya na yi?"

Sarbinaz ta kuskure kofi, shayi ya zuba a shimfiɗa. Na tashi na karɓi butar na miƙa wa wata 'yar'uwarsu, na ce amarya za ta taya ni wani aiki a gidana. Na riƙo ta muka zaga ta ƙofa, muka ratsa mata masu kwasar romo, na shigar da ita ɗakin girkina na rufe. Na zaunar da ita kusa da murhu, na sa mata matashi a baya.

Sannan na fita na ɗebo romo a kwano, na zaɓi tsoka mai laushi wadda ta dahu har tana rabuwa, ba kitse, na yayyanka ƙanana. Na zuba curin dawa kaɗan a ciki. Na ajiye a gabanta, na ɗauke butar shayina na kawar da ita nesa.

Ta dubi kwanon. Hannayenta biyu suna kan cikinta.

"Gaskiya ta faɗa, Malama. Da na buɗe baki da yana nan."

"Da shi ma ya buɗe nasa. Da ni ma na lura da wuri. Kwanansa ne ya ƙare, Sarbinaz, ba ke kike riƙe da littafin ba."

"In na ci ya tafi fa? Kamar wancan?"

Na so in ce mata ba zai tafi ba. Amma ni ba ni da wannan ilmi, kuma ta san ba ni da shi.

"Ban san gaibu ba. Abin da na sani shi ne abin da likita ta faɗa a gabana, wancan ba nama ne ya ɗauke shi ba, wannan kuwa jini yake nema. Sauran yana hannun Allah."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Polat ne, idanunsa jajur, hula a hannu. Ya ga matarsa, ya ga kwanon, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Tun ranar da ya iso na riga na gaya masa wasiyyar mahaifinsa. Ya jingina da dogarin ƙofa ya sunkuyar da kai.

Sarbinaz ta zabura kaɗan, ta matsa tafin hannunta a gefen cikin.

"Yana motsi," ta ce, ba da kowa take ba.

A waje ana ta kiran a kawo kwanoni, wani tsoho ya ja fatiha, muryoyi suka amsa. Tururin romon ya fara raguwa, maiƙo ya soma kwanciya a samansa. Sannan ta naɗe hannun rigarta, ta jawo kwanon gabanta, ta yi bisimilla.

"Zan ci," ta ce. "Yau da gobe, har in sauka."